Yadda zaka mayar da kambas ɗinka takalmin keke mai kama feda

Duk wanda ya taɓa sayen keken hawan dutse na hannu, irin na gwanjo ɗin nan da ake kawowa daga Turai, wataƙila ya ci karo da wata 'yar feda ƙarama kamar an gutsire ta, babu wajen ɗora ƙafa na kirki sai wasu haƙoran ƙarfe da sifirin. Yawancin mutane suna ganinta sai su ce wa mai gyaran keke ya cire ya sa musu ta roba, ita kuma a wurga ta cikin tarkace. Wallahi duk sanda naga haka sai naji ba daɗi, don sau da yawa fedar da aka cire tafi wadda aka sa daraja nesa ba kusa ba. Matsalarta ɗaya ce, bata aiki sai da takalminta, takalmin kuma samunsa a wajenmu aiki ne, in ka samu ma ko dai tsada ko ba lambar ƙafarka ba, ko kuma ya zama irin mai kalar nan mai ƙyalli wanda bazaka iya shiga ofis ko kasuwa dashi ba.

Toh ni abinda nayi shine na ɗauki kambas ɗina na yau da kullum na mayar dashi takalmin da yake kama fedar, ina hawa keke dashi, in sauka in shiga sabgogina dashi, ba wanda zai kalli ƙafata yace takalmin keke ne. Kuma sai da na lalata guda ɗaya kafin na gane kan abun, shi yasa nake so in faɗa maka yadda ake yi tun daga farko don kar ka bi ta inda na bi.

Bari mu fara da ita fedar. A ƙasan takalmi ake ɗaura wani ɗan ƙarfe da 'yan keke ke kira kilit, in ka taka feda sai kaji ƙas, ta riƙe shi, in zaka fita sai ka murɗa diddigenka waje ta sake ka. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa wannan tsari a 1984, daga irin maƙalar da suke yi wa masu zamiya kan ƙanƙara suka ɗauko dabarar, da ɗan tseren keke Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France ta 1985 da ita sai 'yan tsere suka fara komawa kanta. Amma irin tasu kilit ɗin babba ne mai kusa uku, wato kusoshi uku ake ɗaure shi dasu, yana fitowa waje ƙarƙashin takalmi, tafiya dashi a ƙasa wahala ce. Sai a 1990 Shimano na Japan suka fito da tasu fedar mai suna SPD, kilit ɗinta ƙarami ne na ƙarfe mai kusa biyu, an yi shi ne don ya nutse cikin tafin takalmi mutum ya iya sauka ya taka ƙasa. Wannan mai kusa biyun kaɗai nake magana akai. In fedarka mai kusa uku ce irin Look Keo ko SPD-SL, ka manta da wannan aikin, bazai yiwu da kambas ba. In kuma Crankbrothers ce ko Time ATAC, suma kusa biyu ne kuma tazarar ramukansu ɗaya da ta SPD, aikin ɗaya ne, sai dai kowace feda da kilit ɗinta, ba'a haɗa na wannan da waccan.

Akwai fa kamfanonin da suka yi takalman yawo masu wajen kilit tun daga masana'anta, irinsu DZR da Chrome, Adidas ma sun fito da Velosamba a 2021. In kana da hali da wanda zai kawo maka, ka saya ka huta, ba ƙarya sun fi na haɗin gida. Wannan bayanin na wanda bai da wannan hanyar ne, ko wanda yake da wani takalmi da ƙafarsa ta saba dashi.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna maka a kai tun kafin ka taɓa reza. Kilit ba'a jikin roba ake ɗaure shi ba. A jikin wani faranti mai tauri ake ɗaure shi wanda yake kwance cikin takalmin, kuma farantin nan dole ya zama baya motsi ko kaɗan. Aikin gaba ɗaya anan yake, sauran duk ƙarashe ne. Dalili kuwa, sanda ka murɗa diddige zaka fita, takalmi ne zai juya faranti, faranti ya juya kilit, kilit ya buɗe sifirin ɗin feda. In akwai inda yayi sako-sako a tsakani, takalmin zai juya amma kilit yana nan daram a cikin feda, kana murɗawa tana riƙe da kai, keke kuma ya riga ya tsaya. Haka ya faru dani a gwajina na farko, na huda robar kawai na zura kusoshi na ɗaure da noti da washa ta ciki, kwana biyu abun yana aiki, rana ta uku na zo tsayawa a mahaɗar hanya kilit ɗin ya juya cikin robar, na faɗi ta gefen dama da keken a ƙafata, Allah ya kiyaye ba mota kusa. Sai da na kwance igiya na zare ƙafata na bar takalmin a maƙale. Tun daga ranar bana wasa da maganar faranti.

Zaɓen takalmi shine na gaba. Kana son mai igiya, don wani lokacin zaka ja ƙafa sama, sau-ciki zai zare ya barka. Kana son mai shimfiɗaɗɗen tafi na roba mai ɗan tauri, irin takalman masu wasan allo mai taya, ko kambas mai kaurin ƙasa. Ka guji takalman gudu masu soso mai laushi da kauri, kilit zai nutse can ciki feda bazata kai gare shi ba, masu jakar iska a tafi kuwa irin Air Max kana yankawa ka kashe takalmin. Sannan ka zaro shimfiɗar ciki ka duba, in tana fita da sauƙi madalla, in manne take ka ɓamɓare ta a hankali don zaka mayar da ita. Abu mafi muhimmanci ka matsa tafin da yatsu biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, daidai inda tudun ƙafa yake sauka, ka ƙiyasta kaurinsa. Tsayin kilit na SPD wajen milimita 6 ne, saboda haka tafin da kaurinsa yake tsakanin 6 zuwa 8 a wajen shine ya fi dacewa. In bai kai ba kilit zai leƙo yana ƙwas-ƙwas a ƙasa yana cin tayil ɗin mutane, in ya wuce sosai sai ka sa masa matashi, wato ɗan fallen ƙarfe tsakaninsa da faranti. Kuma takalmin ya kasance da ɗan sarari a ciki, don faranti zai ci wuri, wanda ya matse ka tun yanzu zai ƙara matse ka. Shawarata ka fara da na gwanjo mai araha, kar ka fara da wanda kake ji dashi.

Kayan aiki basu da yawa. Kilit guda biyu da kusoshinsu, kusoshin M5 ne, wato masu kaurin milimita 5, kuma da alanki mai lamba 4, makullin nan mai kusurwa shida, ake ɗaure su. Sai notin ciki, wato wani ɗan faifan ƙarfe mai ramuka huɗu masu zare da Shimano suke yi don wannan aikin, in baka samu ba ka nemi notin M5 mai faffaɗan kai irin wanda kafintoci ke nutsawa cikin katako. Sai reza mai mariƙi da sabbin baki, injin huda, zarton ƙarfe, magagari zagayayye, samfefa, gam irin Evo-Stik da masu gyaran takalmi ke amfani dashi, ɗan silikon, maka ta rubutu, ruwla, da ɗan ƙyallen fata ko roba siririya.

Shi kuma farantin, wanda ya fi kowanne shine tafin tsohon takalmin keke na SPD da samansa ya mutu. In ka ci sa'a ka tsinci irinsa a tulin gwanjo, ko da ya yage, ko da ya ɗan fi ƙafarka girma, ka ɗauka, don cikinsa akwai faranti na nailan mai tauri wanda an riga an tsaga masa ramuka an lanƙwasa shi da siffar ƙafa, kai dai ka ɓare robar da saman ka rage gefensa ya shiga kambas ɗinka. In babu, ka je wajen masu aikin alminiyam su yanko maka falle mai kaurin milimita 3, ko ƙarfe mara tsatsa mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Ni da alminiyam nayi nawa. Na ga masu cewa a yi da robar allon yanka albasa na kicin, ban yarda da ita ba, gam baya kama irin robar nan, kuma tana lanƙwashewa in zafi yayi.

Kafin yanka komai, awo. Nan ne mutane suke gaggawa kuma nan ne gwiwa take samun matsala daga baya. Sa takalmin ka ɗaure igiya kamar zaka fita, ka miƙe tsaye, ka laluba ta gefen ciki har kaji ƙashin nan da ya ɗan kumburo a gindin babban yatsa, ka ɗiga maka a gefen tafin daidai wajen. Ka yi haka ta gefen waje a ƙashin gindin ƙaramin yatsa, zaka ga shi ya ɗan fi komawa baya. In da wanda zai ɗiga maka yafi, don in ka sunkuya ƙafar tana zamewa. Cire takalmin ka kifa shi, ka ja layi a faɗin tafin daga kowane ɗigo, zaka samu layi biyu, tsakiyar kilit zata zauna a tsakaninsu. In kana kokwanto ka karkata baya, kilit da ya ɗan koma baya yafi sauƙi ga sha-raɓa da jijiyar agara akan wanda ya tafi wajen yatsu. Kowace ƙafa ka auna ta daban, kar ka kwafi ta dama ka ɗora akan ta hagu, ƙafafun mutum ba lallai su zo ɗaya ba.

Sai kuma fuskar da kilit zai kalla. Hau kan tebur ko katanga ka saki ƙafafunka suna reto, ka duba yadda suke, wani yatsunsa gaba suke kallo sak, wani sun ɗan buɗe waje. Yadda suke ɗin nan haka ya kamata su zauna akan feda, kar ka tilasta musu miƙewa. Kilit na SPD yana da ɗan wasa na kusan digiri 4 kafin ya fara buɗewa, yana yafe ƙaramin kuskure amma baya yafe babba.

Toh yanzu taga, wato gurbin da zaka yanke a tafin takalmin don kilit ya zauna. A tafin takalmin, ka zana murabba'i mai faɗin santimita 4 da tsawon santimita 7 ko kusa da haka, tsakiyarsa akan inda ka ƙayyade, tsawon yana bin tsawon takalmi. Tsawon nan ana buƙatarsa ne saboda haƙoran feda na gaba da na baya su samu wajen shiga, faɗin kuma kar ya wuce haka don robar da ta rage a gefe da gefe ita ce zata zauna akan kafaɗun feda ta hana ƙafarka rawa. Ka fara da ƙarami, ƙarawa ba wuya, mayarwa ce bata yiwuwa. Ka huda kusurwoyi huɗun da injin huda tukunna don su zama zagayayyu, kusurwa mai kaifi daga nan roba take fara tsagewa. Sannan ka bi layin da reza kaɗan-kaɗan, ba'a yanka ta a bugu ɗaya, ka bi sau biyar sau shida kana ƙara zurfi. In ka tsoma bakin rezar a ruwan sabulu zaka ga tana ratsa robar kamar tana yanka sabulun kansa. Dan Allah hannun da yake riƙe takalmin kar ya zama a gaban reza. Ka yanke har ka ɓulla ciki, ka cire guntun, ka ajiye shi don zai iya yi maka amfani wajen cike gurbi.

Farantin kuma ga yadda zaka fitar da siffarsa. Ɗora shimfiɗar cikin da ka zaro akan kwali ka zana ta, ka yanke, sannan ka rage kwalin ya fara daga gindin yatsu ya ƙare a ƙarshen kwarin ƙafa kafin diddige. Wasu suna yin sa tsawon takalmin duka, yana ba da ƙarfi wajen tuƙi amma tafiya tana zama kamar ka ɗaura katako, diddige yana ta fita. Ni kashi uku cikin huɗu nayi, yatsu suna lanƙwasawa, tafiya tana yiwuwa. Amma faɗinsa kam dole ya cika takalmin daga bango zuwa bango, ya shiga da ɗan ƙyar, don bangon takalmin shine na farko da zai hana shi juyawa. Gwada kwalin a ciki har sai ya zauna daidai sannan ka kai wa mai yankan ƙarfe. In an yanko ka bi bakinsa duka da magagari da samfefa har sai ka shafa da yatsa baka ji kaifi ba, in ba haka ba zai yanke ɗinkin takalmin ta ciki a hankali. Ka ɗan lanƙwasa gabansa sama kaɗan akan guntun katako da guduma ya bi siffar takalmin, sau ɗaya, kar kayi ta lanƙwasawa kana miƙewa, alminiyam baya son haka, tsagewa yake.

Sa farantin a ciki ba gam, ka kifa takalmin, ta tagar ka ɗora kilit a inda ya dace, bakinsa mai tsini yana kallon gaba, ka ɗiga maka ta ramukansa. Tazarar ramukan biyu milimita 14 ce daga tsakiya zuwa tsakiya, gefe da gefe suke ba gaba da baya ba, ka tabbatar da ruwla kafin ka huda. Girman ramin ya danganta da notin da ka samu, don notin yana da ɗan wuya mai zare da zai shiga cikin ramin, ka auna wuyan ka huda daidai shi. Kuma in zaka iya, kar ka tsaya a rami zagayayye, ka ja kowanne da magagari ya zama tsaga mai tsawon kamar santimita ɗaya da rabi gaba da baya, ranar da gwiwarka tace a matsa kilit zaka gode wa kanka. Abu ɗaya da zaka lura, in wuyan notin ya fi farantin kauri zai leƙo ta ƙasa ya tokare kilit, sai ka ɗaure kusa tam amma kilit yana rawa. Ka goge wuyan da magagari har ya koma ƙasa da fuskar farantin.

Kafin gam, gwajin bushe. Ɗaure kilit ɗin, ka riƙe fedar a hannu ko ka barta a jikin keke, ka gwada shigar da takalmin da hannu. In ta ƙi kamawa ka leƙa ka ga me ya tokare, yawanci ko roba ce ta gaba ko ta baya take hana haƙori shiga sai ka ƙara tsawon taga, ko kuma kilit ya nutse da yawa robar gefe ta riga shi taɓa feda. In na biyun ne ka yanko ɗan falle na ƙarfe mai milimita 1 ka huda ka sa tsakanin kilit da faranti, ko ka ɗan rage robar gefen da samfefa. Matashin nan ƙarfe zai zama ba roba ba, ka tuna maganar farko. Abin da kake nema shine ta kama da ƙara mai kyau, takalmin yana ɗan wasa hagu da dama ba tare da gogayya mai ƙarfi ba, amma baya lilo gefe zuwa gefe.

In komai ya zauna sai a manne. Kwance kilit, ka goge ƙasan farantin da samfefa mai kaushi har yayi zane-zane, haka cikin takalmin, ka share ƙura da maiƙo da sifirit. Shafa gam a duka fuskokin biyu, siriri, ka barshi ya sha iska kamar minti goma zuwa sha biyar har sai ka taɓa yana ɗan kama yatsa amma baya biyo shi, sannan ka haɗa. Irin gam ɗin nan in ya haɗu ya haɗu, babu gyara, don haka ka fara saita gaban sannan ka sauke bayan, kana leƙa taga ka ga ramukan suna tsakiya. Danna da ƙarfi, ko ka sa takalmin ka tsaya akai, sannan ka barshi kwana ɗaya cur. A waje zaka yi aikin gam ba cikin ɗaki a rufe ba, warinsa ba na wasa bane.

Amma ni ban yarda da gam shi kaɗai ba, musamman a zafinmu na Maris da Afrilu da kwalta take ƙuna, gam yana laushi. Shi yasa tun kafin mannewa na huda ƙananan ramuka a gefen farantin, huɗu ta kowane ɓangare, na kai wa wani dattijo mai gyaran takalmi a unguwarmu. Da farko ya juya takalmin yana kallon tagar yace ɗana wa ya ɓata maka takalmi haka, nace Baba ni na yanka, keke zai riƙe. Da na nuna masa fedar yadda take kamawa ya gane nan take, shi ma ya kawo shawarar ya tsaga ɗan kwari a robar ta ƙasa don zaren ya nutse kar ƙasa ta cinye shi, ya ɗinke farantin da tafin da zaren nailan mai kauri. Mutanen nan sun san roba da gam da zare fiye da mu, ka kai musu, ka yi musu bayanin abinda kake so, ka biya su haƙƙinsu da kyau. In babu mai ɗinki kusa, ƙananan kusoshi biyu masu noti ta bayan farantin zasu yi, kawunansu a nutse cikin zanen tafin.

Saura ciki. Notin yana zaune akan faranti ya yi ɗan tudu, in ka mayar da shimfiɗa haka zaka ji shi a tafin ƙafarka bayan rabin awa. Ka yanko fata ko roba siririya mai kaurin notin, girman farantin, ka fitar mata da gurbin notin a tsakiya, ka shimfiɗa, saman ya zama bai ɗaya. Ka duba kusoshin kuma, in ka ɗaure tam bai kamata bakinsu ya wuce saman notin ba, in ya wuce ka rage da zarto, in kuma ka sa matashi sun gajarce basu kama zare sosai ba ka nemi masu ɗan tsawo, kusa mai kama zare biyu kawai bazata riƙe ka ba. Ta waje ka bi bakin tagar da silikon inda roba ta haɗu da faranti, ta ciki ka rufe saman notin da salatif mai ƙarfi, saboda damina, in ba haka ba kana taka ruwa safa ta jiƙe. Sannan shimfiɗa ta koma.

Ɗaurin ƙarshe na kilit, Shimano sun ce niyuton-mita 5 zuwa 6, in baka da sifana mai awo ma'anarsa ka ɗaure tam da alanki ba tare da ka ƙara masa bututu ba, kana ɗaure wannan kaɗan waccan kaɗan har su kai tare. Ɗan giris a zaren yana hana tsatsa ta kama su. Ka ɗauki maka ka zagaye kilit ɗin akan farantin, duk sanda ka duba kaga ya fita daga zanen ka san ya motsa.

Wane kilit zaka sa cikin na Shimano ma akwai magana. SM-SH51 baƙi ne, baya saki sai ka murɗa diddige gefe. SM-SH56 mai harafin M a jikinsa yana saki ta fuskoki da yawa, ko ka murɗa ko ka fizga diddige sama a karkace. Ga takalmin haɗin gida da yawon cikin gari ni SH56 nake ba da shawara, don baya buƙatar ƙarfi sosai wajen fita, nauyin da yake ɗora wa farantin da gam ɗin kaɗan ne. Haka ita fedar, tana da 'yar kusa ta sassauta sifirin mai alamar ƙari da ragi, a irinsu PD-M520 ta Shimano alanki mai lamba 3 ne, ka mayar da ita can ƙarshen ragi, kuma fedar mai fuska biyu kowace fuska da tata kusar, guda huɗu kenan a keke ɗaya, kar ka manta ɗaya. In sabuwar feda zaka saya don zirga-zirga, PD-M324 ko PD-EH500 gefe ɗaya kamu ne gefe ɗaya shimfiɗa, ranar da kake sanye da silifas zaka masallaci ko shago ka juya ta kawai. Wajen ɗaura ta ka tuna fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗauru.

Ba'a fafe gora ranar tafiya. Kar ka gama aikin nan da daddare ka shiga titi da safe cikin 'yan adaidaita da masu babur. Jingina da bango ko ka riƙe ƙofar gida, ka shiga ka fita da kowace ƙafa sau talatin sau arba'in, ka sauka ka duba zanen makar, ka sa hannu ciki ka ji ko farantin ya ɗaga. Daga nan filin ƙwallo, inda ko ka faɗi yashi ne ko ciyawa, ka yi ta tafiya kana tsayawa. Ka saba da fitar da ƙafa ɗaya tun kana nesa da wajen tsayawa, ba sai keke ya tsaya ba. Ka duba tsayin sirdi ma, don farantin da fatar sun ɗan ɗaga ƙafarka, wataƙila ya buƙaci ƙarin 'yan milimita. Igiyar takalmin dama kuma ka cusa ta ciki kar sarƙa ta ci ta.

Kuma ka san iyakar abinda ka haɗa. Takalmin zuwa aiki ne da makaranta da yawon motsa jiki na safe, ba na tsere ba, ba na miƙewa tsaye kana fizgar feda da dukkan ƙarfinka ba, don saman kambas yadi ne ba'a yi shi don wannan jan ba. In ka ji ciwo a gwiwa bayan hawa ɗaya ko biyu kar ka daure kace zata saba, sauka ka gyara fuskar kilit ko ka matsa shi baya. In ka gwada kaga farantin yana motsi kuma ka rasa yadda zaka tsayar dashi, da muguwar rawa gara ƙin tashi, mayar da feda mai shimfiɗa har ka samu faranti na kirki.

Bayan hawan farko ka sake ɗaure kusoshin, zaka tarar sun ɗan saki don haƙoran kilit sun nutse cikin alminiyam. Ka ƙara dubawa bayan sati, daga nan sai lokaci-lokaci. Lokacin hunturu ƙura tana cika sifirin ɗin feda sai kaji fita tana wuya, tsohon buroshin haƙori da ɗigon mai ɗaya a sifirin sun isa. Da damina kuma laka da tsakuwa suna cushe tagar da ramin alankin kusoshin, ka ƙwaƙule su da ƙusa kafin su bushe, don in kan kusar ya cinye ranar da zaka canza kilit sai da injin huda. Sau ɗaya a wata ka zaro shimfiɗa da fatar ka haska farantin da fitilar waya, musamman kewayen tsagogin biyu, in kaga wani siririn layi kamar gashi ya fara fita daga bakin rami toh alminiyam ɗin ya fara tsagewa, kar ka ƙara hawa dashi sai ka yanko sabo.